Fetur Ko Gas? Uwargida, Ki Sa Baki Kafin A Sayo Mota

'Yan'uwanmu mata, sau da yawa labarin sayen mota ba ya iso wa uwargida sai ta ji ƙaho a ƙofar gida. Yara su ruga, maƙwabta su zo barka, ita kuwa ta yi murna kamar kowa. Bayan wata uku sai ta ga kuɗin cefane ya fara tsukewa, don kuwa sabuwar baƙuwa tana cin nata rabo. Saboda haka muka ga ya kamata wannan fili ya yi magana a kan babbar motar nan ta iyali da ake kira jif, da tambayar da kan raba kan masu saye: a ɗauki mai shan fetur ko mai shan gas, watau man dizal?

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, tafiye-tafiyen gida su ne za su zaɓi mota, ba bakin abokai ba. Wanda ya fi kowa sanin waɗannan tafiye-tafiye kuwa ita ce uwargida.

Bari mu fara da bambancin injinan biyu. Injin fetur yana gauraya mai da iska, sa'an nan fulogi ya ƙyasta masa wuta. Injin gas ba ya bukatar wannan ƙyastu. Matse iska yake yi har ta yi zafi ƙwarai, sai a fesa mai ya kama da kansa. Wani Bajamushe, Rudolf Diesel, shi ya fito da irin wannan inji yana aiki sosai a 1897, da sunansa kuma ake kiran man. Saboda wannan matsi, injin gas ya fi ƙarfin jan kaya, ya fi jimiri, kuma ya fi tsimin mai. A mota iri ɗaya yakan rage wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na fetur zai sha. Abin da ya sa ke nan tireloli da taraktoci duk gas suke sha.

Jin haka sai mutum ya ce ai magana ta ƙare. A'a, da sauran rina a kaba. Tun shekaru da yawa gwamnatin Nijeriya ta sakar wa 'yan kasuwa farashin gas, alhali tana biyan tallafi a kan fetur. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, litar gas ta tashi daga wajen Naira 300 zuwa wajen Naira 800. Ran 29 ga Mayu, 2023 kuma Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin fetur, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta koma wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 har ta haura Naira 1,000. Duk da haka, a cikin waɗannan shekaru gas ya ci gaba da fin fetur tsada a galibin gidajen mai. Darasin da ke nan shi ne, farashi ba ya zama wuri ɗaya, kada a sayi motar shekara goma bisa farashin mako guda.

'Yan matanmu na makaranta, ga inda lissafinku zai yi wa gida amfani. A misalce, a ce jif mai fetur tana shan lita 12 a kilomita 100, mai gas kuma lita 9. Ku tambayi farashin kowanne a gidan mai, ku ninka na fetur sau 12, na gas sau 9, ku gwada. Za ku ga idan tsadar gas ta ɗara ta fetur da kashi ɗaya cikin uku, to, tsimin ya tashi a banza. Ku rubuta wannan a takarda ku miƙa wa Baba cikin ladabi. Ba ƙaramin abu ba ne yarinya ta nuna cewa kuɗin makarantarta bai faɗi ƙasa ba.

Sai kuma maganar irin tafiya. Uwargida, ki zauna ki ƙidaya ta mako guda: kai yara makaranta, ɗauko su, kasuwa, asibiti, gidan suna, gidan biki. Idan duka ba su wuce cikin gari ba, to, ki sani injin gas na zamani ba ya son wannan. Yawancin motocin gas da ake kawowa daga Turai suna da wata matata a jikin salansa mai tare baƙin hayaƙi. Ba ta ƙone dattin da ta tara sai mota ta yi doguwar tafiya ta ɗauki zafi. In kullum daga gida sai makaranta sai cunkoson kasuwa, matatar takan toshe, mota ta rasa ƙarfi, a koma gareji. Amma idan maigida mai yawan zirga-zirga ne, yau Kano gobe Maiduguri, tafiyar kusan kilomita 600, ko kuwa ana ɗauko buhunan hatsi daga gona ta hanyar yashi da taɓo, nan ne gas yake biyan kuɗinsa.

Abu na uku shi ne gyara. Kusan kowace unguwa akwai makaniken da ya san injin fetur. Motocin da ake kawowa daga Amurka, irin su Toyota Highlander da RAV4, fetur suke sha, kayan gyaransu kuma ba su da wuyar samu. Injin gas kuwa injektocinsa da famfon mansa suna da tsada, ba kowane makanike ya iya su ba, kuma ba sa jure gurɓataccen mai. Gas ɗin da aka gauraya da kananzir ko ruwa ya shiga, irin wanda akan gamu da shi a bakin hanya, yana iya jawo asarar da ta kai kuɗin makarantar yara na zango guda ko fiye. Kafin a biya kuɗin mota, a fara sanin wa zai gyara ta, a wane gari yake, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuma mu manta da lafiyar 'ya'yanmu. A 2012 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa hayaƙin injin gas cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji na huhu. Fetur ma ba kanwar lasa ba ne. Hayaƙinsa a cikin rufaffen gareji yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba, kuma ya fi gas saurin kama wuta. Ko wanne aka saya, kada a bar mota a kunne a tsakar gida yara na wasa bayanta, kada kuma a ajiye jarkar mai kusa da madafa. In aka yi kuskure aka zuba fetur a motar gas, kada a tada ita, a kira makanike ya juye tankin.

To, mene ne hukuncinmu? Ga iyalin da harkarsu ta cikin gari ce, mai fetur ta fi kwanciyar hankali. Ga masu doguwar tafiya da kaya masu nauyi, waɗanda ke da amintaccen gidan mai da ƙwararren makanike, mai gas ta fi. In kuwa lissafi ya nuna ko wacce aka ɗauka za ta taɓa tukunya da kuɗin makaranta, to, a nemi ƙaramar mota, ko a dakata. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ga magidanta da za su leƙa wannan fili, muna roƙonku ku tuna shawara ɗaukar ɗaki ce. Ke kuma uwargida, kada ki ce mota zancen maza ne ki yi shiru. Ki nemi lokacin da maigida ya huta, ki kawo ƙidayar tafiye-tafiyenki da lissafin 'yarki, ki faɗi ra'ayinki da tattausar murya. Da ke za a shiga motar, da ke kuma za a ji nauyinta.