Kafin ka sayi PLC, tambayi kuɗin manhajarta

Matashin Utai da ke son famfon rijiyar burtsatse ya riƙa tsayawa da kansa idan tanki ya cika, bai kamata ya fara da PLC ta Siemens ba. Na'urar tana da inganci, amma lasisin TIA Portal zai iya fin kuɗin famfon. In ka tsinci tsohuwa da araha a kasuwar Sabon Gari ba ka da manhajarta, ka sayi ado ne.

Ni dai Delta zan zaɓa, domin WPLSoft kyauta ce, sai dai ka tabbatar an haɗa maka da wayar da ke sadar da ita da kwamfuta. In aljihu bai kai ba, OpenPLC tana hawa kan Arduino. Amma a sa rile tsakanin allon da famfon, in ba haka ba ya ƙone.