Wa Ya Ba Kura Ajiyar Nama? Tsokaci Kan Gwajin Tashoshin Nukiliya

Akwai wata magana da ake ta yayatawa, wai dokokin binciken lafiyar tashoshin wutar lantarki na nukiliya sun yi yawa, su ke sa tsada, don haka a sassauta. A watan Mayu na 2025 shugaban Amurka ya sa hannu a kan umarnin cewa hukumar da ke kula da harkokin nukiliya ta ƙasar, watau NRC, ta sake fasalin dokokinta, kuma ta riƙa yanke hukunci kan takardar neman gina sabuwar tasha cikin wata 18. Ni kuwa ina ganin wannan sassauci ganganci ne, kuma zan kawo hujjojina daga tarihin tashoshin kansu.

Da farko dai mu san abin da ake gwadawa. Tukunyar nukiliya, inda sinadarin yuraniyam ke ba da zafi, ana gina ta ne cikin wani ƙaton ɗaki na kankare da ƙarfe. Aikin ɗakin nan shi ne in tukunya ta lalace, ya tsare gubar kada ta fita ta shiga iska da ruwa da gonakin mutane. Ran 28 ga Maris 1979, a tashar Three Mile Island ta jihar Pensilbeniya, kusan rabin cikin tukunya ya narke, amma ɗakin ya riƙe, abin da ya fita kaɗan ne. Tashar Charnobil kuwa ba ta da irin wannan ɗaki. Da ta fashe ran 26 ga Afrilu 1986, sai da aka kwashe mutanen garin Pripyat kaf, aka killace ƙasa kilomita 30 ta kowane gefe. Yadda ake gwada ɗakin kuwa shi ne a tsai da aiki, a rufe ko'ina, a hura iska ciki har ta matsu kamar yadda za ta matsu ranar haɗari, sa'an nan a yi sa'o'i ana auna yawan wadda ke sulalewa.

Da can dokar Amurka ta ce a yi wannan babban gwaji sau uku cikin shekara 10. A 1995 aka sassauta, aka ce tashar da ta ci gwajin baya tana iya yin sau ɗaya cikin shekara 10. Daga baya aka yarda har shekara 15. To, ina masu binciken muhalli sa'ad da ake wannan? Ai akwai doka tun 1 ga Janairu 1970 wadda ta wajabta wa hukumomin gwamnatin Amurka su auna illar da aikinsu zai yi wa muhalli kafin su zartar. A shari'ar tashar Calvert Cliffs ta 1971 ma kotu ta tsawata wa hukumar nukiliya ta wancan zamani saboda ta mai da dokar abin wasa. Amma da tafiya ta yi tafiya, sai abin ya koma al'ada: kamfani ya nemi a ɗaga masa gwaji, hukuma ta rubuta 'yar gajeriyar takarda ta ce ba wata illa ta a-zo-a-gani. A 2010 kuma aka sa rangwamen da ya shafi bincike da sa ido cikin jerin abubuwan da ba sai an yi musu wannan takarda ba, muddin sun cika wasu sharuɗɗa.

Aibin irin wannan awo a fili yake. Ana tambaya ne ko ɗaga gwaji zai ƙara dattin da tasha ke fitarwa yau da gobe. Amsa kullum a'a ce, domin rashin leƙa rumbu ba ya sa gara ta ci hatsi, sai dai ya hana mai rumbu sanin ta ci. Haɗarin kuma ana ƙiyasta shi ne da lissafi, lissafin kuwa an gina shi kan zaton cewa kayan suna nan lafiya, alhali wannan zaton shi ne gwajin zai tabbatar ko ya ƙaryata.

Ga misali. A 2001 NRC ta nemi wasu tashoshi su duba murfin tukwanensu kafin 31 ga Disamba, saboda an ga tsaga a wasu masu irin ƙirarsu. Kamfanin FirstEnergy, mai tashar Davis-Besse a jihar Ohayo, ya nemi jinkiri. Ma'aikatan hukuma har sun tsara takardar umarnin rufewa, amma aka bar tashar ta ci gaba har 16 ga Fabrairu 2002. Da aka buɗe a watan Maris, sai ga rami: ruwan asid ya cinye ƙarfe mai kaurin kimanin inci 6, saura ɗan shafen da bai kai rabin inci ba. Ramin nan ya daɗe yana girma, ba jinkirin mako bakwai ya haƙa shi ba. Amma waɗanda suka yi lissafi suka ce haɗarin kaɗan ne, ba su ma san da shi ba. Babban mai binciken hukumar ya ce gudun jawo wa kamfani hasara ya yi nauyi cikin shawarar. Tashar ta yi shekara biyu a rufe, kuma a 2006 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 28 saboda bayanan ƙarya da aka ba hukuma.

Japan fa? A 2002 ta bayyana cewa a 1991 da 1992, lokacin gwajin ɗakin kariya na tukunya ta ɗaya a tashar Fukushima Daiichi, an riƙa ɗura iska a ɓoye don a nuna ba ya yoyo. Hukuma ta rufe tukunyar shekara guda. A 2008 kuma lissafin cikin gida na kamfanin TEPCO ya nuna igiyar teku mai tsayin mita 15.7 tana iya zuwa, aka ajiye maganar. Igiyar ta zo ran 11 ga Maris 2011, tukwane uku suka narke.

Masu son sassauci suna da abin cewa, kuma ya kamata a saurare su. Sun ce gwaji na tsai da tasha kwanaki, yana cin kuɗi, yana kusanta ma'aikata da guba, kuma yawancin lokaci ba a samun kome. Har sukan tuna mana cewa Charnobil ma garin gwaji ta fashe. Gaskiya ne, amma a Charnobil an jinkirta gwajin sa'o'i da yawa, ya faɗa hannun ma'aikatan dare da ba su shirya ba, aka kuma kashe wasu na'urorin tsaro. Darasinsa a tsara gwaji da kyau. Batun cewa ba a cika samun kome ba, ai mai gadi ma yakan yi shekara bai kama ɓarawo ba, ba wanda ya ce a sallame shi. Kuɗin da aka tsimi na kamfani ne, in kuwa ɗaki ya yi yoyo, manomi da masunci ne za su bar gadon iyayensu.

Kada wani ya ce ina ruwanmu. Tun 2004 akwai ƙaramar tukunyar bincike a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. A 2017 Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha, an kuma ambaci Geregu a jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren gina manyan tashoshi. Mu da sai da aka jibge mana guba daga Italiya a garin Koko, asiri ya tonu a 1988, sa'an nan muka kafa hukumar kare muhalli, bai kamata mu kwaikwayi sassaucin wasu ido rufe ba.

Saboda haka ina kira da abu uku. Duk rangwamen gwaji a auna shi da mafi munin abin da zai faru in zaton lafiya ya zama ƙarya, a kuma haɗa shi da rangwamen baya a duba su gaba ɗaya. Mai auna sakamako kada ya zama yana cin albashin kamfani. Sa'an nan a buga takardun cikin harshen mutanen da ke zaune kusa da tasha, a saurare su kafin a sa hannu. Wannan na ƙarshe aikinmu ne mu ɗaliban harshe, kuma gara mu fara ƙirƙiro kalmomin tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.