Ɓeran Da Ke Cikin Wayar Salula

Ina godiya ga hukumar mujallar da ta ba ni wannan fili domin in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda kuma da wuya a sami mai riƙe da wayar salula a ƙasar nan da bai taɓa ɗanɗana kuɗarsa ba. Wannan al'amari kuwa shi ne yadda ake zaftare wa jama'a kuɗin katin waya ta hanyar saƙonnin tes, da sunan wai sun shiga wani tsari, alhali ba da saninsu ba, ba kuma da yardarsu ba.

Abin da ya zaburar da ni yin wannan rubutu ya faru ne a unguwar Sabo, a nan Ibadan. Akwai wani dattijo mai sayar da goro da nakan zauna a rumfarsa mu sha hira, in riƙa tsintar tsofaffin kalmomi da karin magana don aikin kundina. Ran nan ina zama sai ya miƙo mini wayarsa, 'yar ƙarama mai madannai, ya ce, “Ɗana, duba mini wannan abu. Jiya da almuru na sa katin ɗari biyar don in kira gida in ji lafiyar 'yata da ta haihu. Ko gaisuwa ba mu gama ba aka ce kuɗina ya ƙare. Ko aljanu ne a cikinta?”

Da na buɗe akwatin saƙonni sai na tarar da shi maƙil da saƙonnin Turanci, babu ko ɗaya da aka taɓa buɗewa. Ashe tsare-tsare har uku ake cire masa kuɗi a kansu: na labarin ƙwallon ƙafa, da na wata gasar kacici-kacici, da na waƙar da mai kiransa ke ji kafin ya ɗauka. Na ce, “Baba, ashe kuna kallon ƙwallo?” Ya ce, “Ni? Ko sunan ɗan wasa ɗaya ban sani ba.” Da na gaya masa irin waƙar da abokan cinikinsa da surukansa suke ji duk lokacin da suka kira shi, sai ya riƙe baki, ya yi salati, sannan ya ce, “Allah ya isa.” Daga nan ya juya ya ci gaba da yayyafa wa goronsa ruwa. A wurinsa magana ta ƙare ke nan.

To, a nan ne nake da ja. Allah ya isa gaskiya ce, babu mai musun haka. Amma Allah bai hana bawansa neman haƙƙinsa ba. A ganina wannan ɓera da ke cikin wayoyinmu yana ƙiba ne da abu biyu, wato shirun da muke yi, da kuma harshen da ake rubuto mana saƙonnin da shi.

Yadda ake kafa tarkon

Ya kai mai karatu, yana da kyau mu san yadda abin yake tafiya. Ban da kira da tes da data, akwai wasu hidimomi na ƙari da ake sayarwa ta kan layin waya, kamar labarai, da wasanni, da addu'o'i, da shawarwarin lafiya, da waƙoƙin kira. Sau da yawa wasu ƙananan kamfanoni ne dabam suke shirya su, su turo su ta gajerun lambobi, kamfanin layin ya cire kuɗin daga katinka, sannan a raba a tsakani. Wannan sana'a a karan kanta halal ce, matuƙar mai saye ya san abin da ya saya.

Matsalar tana wajen yadda ake samun “yardar” mutum. Wani lokaci saƙo ne zai faɗo a fuskar waya kana tsakiyar danna lamba, ka latsa maɓalli don ya kauce maka, ashe ka amince ke nan. Wani lokaci kana kiran wani sai murya ta ce ka danna lamba kaza in waƙar ta burge ka, kunnenka ko kumatunka ya danna. Masu manyan wayoyi kuma, taɓa wani hoton talla a intanet ya isa ya jefa su ciki. Mafi shahara ita ce dabarar kyauta: a ce maka kwana bakwai kyauta ne, a can ƙarshen saƙon kuma a liƙa cewa bayan haka za a riƙa cirar kuɗi kullum ko duk mako har sai ka ce a daina. Idan babu kuɗi a layin, ɓeran yakan laɓe ya jira, kana sa kati ya yi wuf. Abin da ya sami Baba mai goro ke nan.

Akwai kuma ƙannen wannan ɓera, wato 'yan damfara tsagwaronsu, masu turo saƙo daga lambar waya irin ta kowa cewa ka ci kyautar miliyan, ko an rufe BVN ɗinka, ko an turo maka kati bisa kuskure ka taimaka ka mayar. Waɗannan kowa ya yarda ɓarayi ne, sunansu ma na 'yan 419 daga sashe na 419 na Kundin Laifuffuka ya samo asali, wanda ya yi magana a kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara. Tambayata ita ce, wanda ya karɓi naira hamsin ɗinka ta hanyar saƙo mai harshen damo, da me ya bambanta da su, ban da cewa shi yana da ofis?

Hanzarin masu kare abin

Na san wasu za su ce, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wato kwaɗayinmu na banza da ƙyuyar karatu su ne suke ja mana. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin kuwa ni kaina da nake karanta Turanci na taɓa shafe makonni ana cire mini kuɗin wani wasa da ban san ranar da na shiga ba, don kawai ba na duba saƙonni. Amma warin daddawa bai taɓa halatta wa ɓera sata ba. Mu da muke nazarin ma'ana mun san cewa yarda ba ta tabbata sai da fahimta. Mutumin da aka rubuto wa sharaɗi cikin harshen da ba ya ji, da rubutun da bai iya karantawa ba, ya danna maɓalli don ya kori saƙo, ba a ce ya yarda ba. Shirunsa bayan kwana bakwai ma ba yarda ba ce.

Wasu kuma za su ce, don naira ashirin ko hamsin za ka tayar da jijiyar wuya? Masu iya magana sun ce da yayyafi kogi kan cika. Layukan da ke aiki a Nijeriya sun haura miliyan 150. Mu ƙaddara layi miliyan 1 kacal ake cire wa naira 50 a mako, ka ga naira miliyan 50 ke nan duk mako, sama da biliyan 2 da rabi a shekara. An ƙanƙanta kuɗin ne da gangan don mutum ya ji kunyar yin ƙorafi. Sannan naira hamsin ɗin da ɗan boko ke rainawa, ita ce ribar goro da yawa a wurin Baba, ita ce kuma ta raba shi da muryar 'yarsa a daren da ya fi bukatar jin ta. Ga shi kuma tun watan Janairu na 2025 aka amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da tes da data.

Kuka yana da amfani

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka sallama cewa ba a iya komai. Tarihin wayar salula a ƙasar nan ya ƙaryata haka. A shekarar 2001 aka fara harkar, bayan kowane kamfani ya biya dala miliyan 285 kuɗin lasisi, a lokacin da layukan waya a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. A wancan zamani ko daƙiƙa biyar ka yi kana magana, kuɗin minti guda za a cire maka. A watan Agusta na 2003 kamfanin Globacom ya shigo da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, ranar 19 ga Satumba na wannan shekara kuma ɗimbin jama'a suka kashe wayoyinsu na yini guda don nuna fushi a kan tsada da rashin ingancin aiki. Ba a daɗe ba sauran kamfanonin suka bi sahu.

Haka nan yawan koke-koke ne ya sa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta fito da lambar 2442 a shekarar 2016 don toshe saƙonnin talla, ta kuma ayyana 2017 a matsayin shekarar masu amfani da layukan sadarwa, a zamanin shugabancin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta. A 2018 ta umarci kamfanoni su daina cusa mutane cikin tsare-tsare ba da izininsu ba. Cutar ma ba tamu ba ce mu kaɗai. A Amurka an sha cusa wa mutane dala 9.99 duk wata a takardar kuɗin waya saboda irin waɗannan saƙonni, har a 2014 kamfanin AT&T ya amince ya biya dala miliyan 105, T-Mobile kuma aƙalla dala miliyan 90, akasarin kuɗin don a mayar wa waɗanda aka cuta. Mutane ne suka yi ta kai ƙara har hukuma ta motsa.

Abin yi

Tun 2023 aka daidaita gajerun lambobi, suka zama iri ɗaya a duk layuka, saboda haka abin ya yi sauƙi. Ka riƙa duba kuɗinka da *310# da zarar ka sa kati, da kuma bayan ka yi kira. Ka danna *305# don ka ga tsare-tsaren da ke kan layinka ka soke wanda ba ka so. Ka tura kalmar STOP zuwa 2442 don a toshe maka saƙonnin talla, ko HELP in kana son zaɓen waɗanda za su riƙa shigowa. Sai dai a kula, 2442 ba ta hana ɗan damfara turo saƙo daga lambarsa, kuma bai kamata a dogara da ita wajen soke tsarin da aka riga aka shiga ba.

In an cire maka kuɗi, kada ka goge saƙon, shi ne shaidarka. Ka kira kamfaninka a 300, ka faɗi rana da adadin kuɗin, ka nemi a soke tsarin a kuma mayar maka da kuɗinka, sannan ka karɓi lambar ƙorafi ka rubuta ta. In suka yi biris, ka kira NCC a 622, kyauta ne, ka ba su wannan lamba. Game da 'yan damfara kuwa, kada ka ba kowa lambar sirrinka ta banki ko lambar da banki ya turo maka ta tes, ko da ya rantse daga banki yake.

Haka muka yi da Baba a ranar. Mun soke tsare-tsaren uku, muka kira, aka yi ta yi mana kiɗa, muka haƙura har aka ɗauka. Sai da muka sake kira bayan kwana biyu sannan aka mayar masa da wani ɓangare na kuɗin. Bai cika ba, amma tun daga ranar katin ɗari biyar yana kai shi inda ya saba kai shi.

Namu nauyin

Wani hanzari ba gudu ba, 'yan'uwana ɗalibai, wannan matsala ta harshe ce, mu kuwa harshe muke karantawa. Kamfanonin nan sun iya Hausa da Yarbanci da Igbo raɗau idan za su yi talla a rediyo, har da kirari da karin magana. Me ya sa idan aka zo wajen sharaɗin cirar kuɗi sai Turanci, Turancin ma guntattaki? Ina kira ga NCC da ta wajabta cewa duk saƙon da zai jawo cirar kuɗi a turo shi cikin harshen da mai layin ya zaɓa, a fara da farashi da tsawon lokaci kafin kalmar kyauta, a kuma sake tambayar mutum kafin a sabunta. Wanda bai amsa ba, a ɗauka ya ƙi. Wannan ma wata kafa ce ta samun aikin fassara ga masu digiri a harsunanmu.

Kafin hukuma ta yi nata, mu yi namu. Kowannenmu yana da uwa, ko kaka, ko maigadi, ko mai shayi, ko ɗan acaba da ya saba da shi, wanda wayarsa ke cike da saƙonnin da ba a buɗe ba. Minti biyar ya isa ka karanta masa, ka fassara masa, ka soke masa. Ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ma za ta iya ware yini guda a zango, mu rubuta waɗannan lambobi da bayaninsu cikin boko da ajami, mu kai Sabo da kasuwar Bodija da tashoshin mota. In har ilimin harshen da muke nema bai iya tsare wa dattijo ɗari biyar ɗinsa ba, to da sauran aiki a gabanmu.

A nan zan dasa aya. Wanda yake da wani ra'ayi saɓanin nawa, filin mujalla a buɗe yake. Allah ya tsare mu da dukiyarmu daga azzalumai, ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke tafe, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.