A Tanadi Maganin Fotasiyam Domin Masu Ciwon Ƙoda

Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, cibiyoyin wankin ƙoda da dama sun rufe, majinyata daga Alsahafa har Omdurman suka bazama neman injin da ke aiki. Wanda ranar wankinsa ta wuce, abin da ke saurin halaka shi shi ne taruwar sinadarin fotasiyam. A jinin mai lafiya awonsa 3.5 zuwa 5 ne. In ya haura 6.5, zuciya na iya tsayawa farat ɗaya. Ga shi kuwa dabino da ful, cimar yau da kullum, cike suke da shi.

Akwai garin magani, irin su Calcium Resonium da Lokelma, mai kama sinadarin a hanji ya fitar da shi ta bayan gida. Ba ya maye gurbin wanki, ba a kuma shan sa sai da umarnin likita, amma yakan riƙe majinyaci kafin ya kai ga inji.

Tunda jama'a sun soma komowa bayan Maris 2025, muna kira ga Ma'aikatar Lafiya da ta ajiye wannan magani a Asibitin Ibrahim Malik da ke Alsahafa da sauran cibiyoyi, a riƙa sallamar mai wanki da guzurinsa.