Karan gona ba shara ba ne, hodar kanti kuma ba sihiri ba ce

Ƴan uwa matasa, duk shekara labarin ɗaya ne. Daga watan Afrilu zuwa saukar damina ciyawa ta ƙare, damin harawa ya yi tsada, makiyayi ya kai saniyar da ta rame kasuwa ya saida ta da arha. Waɗanda suka ga 2010 ba su manta da mushen shanu a bakin hanya ba. Alhali bayan girbi karan hatsi da na dawa suna nan tuli, daga Dakoro har Magariya.

Matsalar kara ita ce tauri da ƙarancin sinadarin gina jiki. Saniya ba da kanta take narkar da shi ba, ƙananan halittu ne da ke cikin tumbinta suke wannan aiki. In an datse ɗanyen kara, aka haɗa da dusa, aka danne cikin rami ko leda ba iska, ƙwayoyin da ke sa nono tsami su ne za su tsima shi ya daɗe bai lalace ba. Busasshen kara kuwa ana jiƙa shi da ruwan takin ure, kamar kilo 5 ga kilo 100 na kara, a rufe sati 2 zuwa 3, sai ya yi laushi ya ƙara amfani.

Yanzu ga hodar yisti da ta ƙwayoyi masu amfani, wadda ake barbaɗa wa abincin dabba. Tana iya taimaka wa tumbi, gaskiya ne. Amma mu gaya wa juna gaskiya: ƙwaya ba ta maye gurbin abinci. Saniyar da ba ta ƙoshi ba, ko buhu guda ka zuba mata ba ta yin ƙiba. Kuma halittu ne masu rai. In sun sha zafin bazara a rumfar kasuwa, wa ya san ko da sauran ransu?

Akwai haɗari ma. Ramin da iska ta shiga funfuna yake yi, kuma gubar wata funfunar tana bi ta nono har cikin furar yaranmu. Ure in ya yi yawa, kashe dabba yake yi.

Don haka abu uku muke nema. INRAN da jami'o'inmu na Yamai da Maraɗi su gwada waɗannan hodoji kan shanun Azawak da karanmu, su bayyana sakamakon da Hausa da Fulfulde a rediyo. Ma'aikatar kiwo ta hana saida duk kayan da ba a rubuta abin da ke ciki da ranar lalacewarsa ba. Sannan a taimaka wa ƙungiyoyin matasa da injin datsa kara, malaman dabbobi su koya masu aikin a aikace.

Kai da ke birni kana cewa ina ruwanka, tuna kuɗin nama da nono daga ramin nan yake farawa. Ka tambayi magajin garinku: me aka tanada wa dabbobi kafin rani?