Daga Tekun Hawai Zuwa Filin Uhola: Abin da Ɗan Kokawar Zuru Ya Rasa

Garin Zuru ba shi da teku, kuma da wuya a sami wanda ya taɓa tsayawa a kan allo yana hawan igiyar ruwa a cikin mutanensa. Duk da haka rayuwar ƙwararrun wannan wasa tana da abin da za ta koya wa Masarautar Zuru, domin su ma matafiya ne masu cin abinci da ƙarfin jikinsu, kamar 'yan kokawa da 'yan dambe.

Tun daga 1976 masu hawan igiyar ruwa suke da gasar duniya mai zagayawa, wadda a yau ƙungiyar World Surf League ke gudanarwa. 'Yan wasa kan tashi daga Pipeline a Hawai zuwa Bells Beach a Ostareliya, su je Jeffreys Bay a Afirka ta Kudu da Teahupo'o a Tahiti. Alƙalai kan ba kowace igiya da aka hau maki har zuwa 10, a haɗa biyu mafi kyau a fitar da wanda ya ci zagaye. Sakamakon kowane gari yana taruwa a jadawali guda. Ta haka Kelly Slater na Amurka ya zama zakaran duniya sau 11, ba wanda ke musun lissafin. Akwai kuma ƙananan gasanni da baƙon suna zai bi ya hau zuwa babbar.

A ƙasar Zuru, kokawa ta girmi duk wannan tsari. A wurin Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, tana cikin abubuwan da ake auna namiji da su, kuma tana tsakiyar bikin Uhola na godiya bayan girbi. Sai dai saurayin da ya kayar da kowa a wannan fili, idan taro ya watse, ba shi da matakala ta gaba. Ko dai ya koma gona ya jira baɗi, ko ya shiga mota ya bi sahun 'yan dambe da 'yan kokawa masu yawon rani, yau Sakkwato, gobe Kano, jibi Dei-Dei a Abuja. Abin da zai samu ya dogara da yawan 'yan kallo da hannun masu yin kari. Kayen da ya yi a wani gari ba ya bin sa zuwa wani sai a bakin makaɗa. Idan ya karye, jinyar tana kan danginsa.

Wannan gyara ba sai an ƙetare teku za a gano shi ba. Jamhuriyar Nijar, wadda Jihar Kebbi ke iyaka da ita, ta fara gasar Takobin Ƙasa a Tawa a 1975, kuma gasar tana zagaya jihohin ƙasar takwas. Kowace jiha tana tace 'yan wasanta kafin ta tura su, ana sanar da kyauta, ana nuna karawar a talabijin. Shi ya sa sunan Issaka Issaka na Doso ya wuce iyakar ƙasarsa. Ƙarfin damtse akwai shi a ɓangarorin biyu na iyaka; tsari ne ya bambanta su.

Kebbi tana da abin da za ta gina irin wannan zagaye a kai. Masarautunta huɗu ne: Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru. Argungu tana da bikin kamun kifi da aka fara a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Yawuri tana da Rigata, Zuru tana da Uhola. Abin da ya rage shi ne a ɗaure su da igiya ɗaya: a fitar da ranakun karawa tun kafin kaka, a riƙa tara maki daga fili zuwa fili, a rubuta kyauta a bayyana ta kafin a shiga, a ajiye ma'aikacin lafiya a bakin fili.

Akwai masu ganin cewa jadawali da maki za su mayar da al'ada kasuwa. Damuwarsu tana da tushe. Kokawar Uhola tana haɗe da girma da aure da zumuncin ƙauyuka, kuma ba alƙalin waje ne zai faɗa wa dattawan Lelna yadda za su yi bikinsu ba. Saboda haka a bar Uhola yadda take, a hannun masu ita. Gasar zagaye ta zo a gefenta, ta zama ƙofa ga wanda ya yi fice kuma yake son ya mayar da kokawa sana'a.

Darasi na biyu daga masu hawan igiyar ruwa gargaɗi ne. A ƙananan gasanninsu, ɗan wasa ne ke biyan kuɗin jirgi da masauki da na shiga, kuma wanda aka fitar a zagayen farko yakan koma gida da asara. Wanda ba shi da kamfanin da ke tallafa masa yakan daina tun kafin a san gwanintarsa. Idan aka kwafi wannan a Kebbi, inda hanya take da tsada, wasu wuraren kuma da fargabar 'yan bindiga, ɗan manomin Dabai ko Ribah zai tsaya a gida, masu uban gida su cika fili. Don haka kuɗin mota da masauki su kasance a wuyan masu shirya gasa, a ware su kafin a yi maganar kofi.

Aikin ba ya buƙatar sabon filin wasa. Yana buƙatar ma'aikatar wasanni ta jiha, da fadojin nan huɗu, da 'yan kasuwar da ke son a ga sunansu a gaban taro, su zauna su amince da ranaku da ƙa'idoji, sannan su riƙe alkawari shekara bayan shekara. Zuru ce ta fi cancanta ta kira wannan zama, tunda samarinta ne ke yin nasara a fili kowace kaka, su koma gida babu wanda ya rubuta sunansu.