Mu San Mota: Ba Kullum Batir Ba Ne

Manoma da makiyaya, in mota ta mutu mana tsakanin Agadas da Ingal, sai kowa ya ce batir ne. Ba kullum ba.

A motar fetur, batir na ba bobin wuta, bobin ta ƙara mata ƙarfi ta aika wa buji, buji ya kunna mai. Amma a motocin yanzu bobin ba ta aiki sai da umurni. Akwai wani ɗan abu mai waya biyu ko uku, kaftar, kusa da sandar da fistin ke juyawa. Shi ke gaya wa kwamfutar mota lokacin sakin wuta.

In girgizar hanya ta tsinke wayarsa, inji zai yi ta juyi bai tashi ba. To, batir lafiya lau yake. Kafin ku sauko turi cikin rairayi, ku ce direba ya duba wayar nan.